MmaSethunya, Wadda Ta Huda Sabuwar Motar Kawu

Ƙarfe shida da rabi MmaSethunya take buɗe rumfarta, can bayan tashar motocin Maun, daidai inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Ba ta taɓa wayar wuta sai ta sha shayi. Da kofin a hannu take zagaya duk abin da ya kwana a filinta, tana duƙawa tana leƙa ƙarƙashi kamar mai duba kaji: motocin masu kai baƙi daji, motocin makiyaya, da ƙananan tirelolin nan masu ɗakin kwana da firji da ake ɗaura wa mota a baya. Shekara talatin da huɗu ke nan tana gyaran wutar mota. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, don yatsunta sun fara ƙin lanƙwasuwa da safe.

Maƙwabcinta Phuthego mai faci, wanda suka tsufa tare suna faɗa, gaisuwarsa ɗaya ce kullum. A nan Mma ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Rra ko Rre.

"Mma, yau kuma wa za ki hana tafiya?"

"Kai zan hana magana, in ka ƙara buɗe baki kafin in gama shayina."

Ba banza yake tsokanarta da haka ba. Duk garin an san ba ta sakin aiki a fili. Sai ta shiga motar an yi kilomita ashirin a hanyar Shorobe mai gargada, ta sa a tsaya, ta fito ta bi kowane haɗi tana taɓawa da bayan yatsa. In ta ji ɗumi a inda bai kamata ba, sai a koma rumfa, ko da jirgin baƙi ya riga ya sauka. Akwai direban da ya taɓa yi mata kuka da hawaye a kan haka. Shi ne kuma yanzu ba ya barin kowa ya taɓa motarsa in ba ita ba.

Labarinta da yawa a bakin mutane. Guda ɗaya zan iya bayarwa da gaba gaɗi, don a gidanmu ya faru. Ina makarantar kwana lokacin, amma na tambayi Kawu Otsile, na tambayi Phuthego, na tambaye ta ita ma har sau biyu. In na kuskure sunan wani ƙarfe, laifin nawa ne, ba nata ba.

Ranar wata Alhamis ce a watan Nuwamba, da hantsi. Kawu Otsile ya shigo filin da farar motarsa, wadda kwananta ashirin da fitowa daga kanti, ko ledar kujeru bai cire ba. Yana janye da tirelar kwana da ya aro wajen abokin aikinsa.

"Mma, fitilar baya ce kawai ta ƙi kamawa. Minti goma. Gobe da sassafe za mu kama hanyar ruga."

Ta tsugunna ta zare ɗan filogin da ya haɗa mota da tirela, wanda ke rataye ƙasa da bamba. Cikinsa ya yi kore shar. Ta shafa, ta shinshina.

"Sau nawa tirelar nan ta ratsa shingen likitocin dabbobi?"

"Ina zan sani? Ba tawa ba ce."

"Ni na sani. Da yawa."

Kowa a nan ya san ƙofar shingen. Ka sauka ka taka jiƙaƙƙen buhu, mota ta bi ta cikin kwarin ruwan magani saboda cutar kofato da baki. Mutane takalmansu suke dubawa. MmaSethunya ce ta lura tun shekaru cewa ruwan nan yana fantsama cikin duk filogin da ke ƙasa, ya zauna yana cin tagulla a hankali.

Tana cikin kankarewa ta ji wani ƙugi ƙasa-ƙasa daga kujerar baya. Ta miƙe ta leƙa. Wani dogon tsoho ne ramamme, sanye da kwat da hula, siririn tiyo a hancinsa, injin iska a gefensa yana aiki da wutar mota. Kakana ke nan, Rre Dikgang. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana huda dutse a ramukan zinariyar Johannesburg, ya dawo da shanu da kuma ƙura a huhu. Shekara biyu rabonsa da ganin garkensa. Ya sa an kira 'ya'yansa da 'yan uwa su haɗu a ruga ranar Asabar, don ya nuna wa kowa saniyarsa da bakinsa a gaban shaidu, kada a yi rigima bayan ransa. Likita ya yarda, da sharaɗin kada injin ya tsaya.

Ta gaishe shi da hannu biyu. Ta juyo ga Kawu, murya ta canza.

"A ruga me zai riƙe injin nan?"

"Baturan tirela. Litiyam ne, sababbi fil. Akwai sola a sama. Kuma mota za ta yi ta caji muna tafiya."

"Wa ya haɗa maka cajin?"

"Ni na haɗa. Na kalla a waya."

Phuthego, da ya matso da ƙarfen cire taya a hannu, ya fashe da dariya. "A waya! Rra, gobe ka kalli yadda ake fiɗa, ka zo ka cire mini ƙaba."

Kawu ya sha mur. Ya buɗe akwatin tirela ya nuna ɗan agogon da ke jiki. "Ga shi, sha uku da ɗigo biyu. A cike suke."

"Ɗana, batirin da ka saba da shi in ya gaji yana nunawa a fuska. Wannan fuskarsa ɗaya ce daga cike har ya kusa ƙarewa, sannan ya ɗauke ɗif, ba sallama. Tayar da motar."

Ta maƙala nata ma'aunin a wayar da ya ja, 'yar siririya irin ta fitila, wadda ta bi ta cikin koren filogin nan. Lambar ta yi rawa ta tsaya a kan biyu. Ta gwada baturan. Da kyar suka kai rubu'i.

"Ka yi tafiyar awa shida, abin da zai shiga ba zai riƙe injin Baba awa ɗaya ba. Yau zan cika su da wutar gari, wannan ba matsala. Kwana nawa za ku yi?"

"Uku."

"Ɗaga kanka ka dubi solarka."

Hadari ne ya taru a gabas, fari a sama, baƙi a ƙasa.

"Akwai tukunyar iska ta ko-ta-kwana," in ji Kawu.

"Awa nawa take yi?"

"Huɗu."

"Hanya awa nawa?"

Shida ce, in yashi ya bushe.

Ta ɗauko alli ta zana masa a jikin ƙofar rumfa. Waya mai kaurin babban yatsa, biyu, tafi da dawowa, daga gaban mota har baya, da fiyus a kowane ƙarshe. Akwatin daidaita caji a cikin tirela, don litiyam mayunwaci ne: ka ba shi siririyar waya ya ƙi ci, ka ba shi mai kauri kai tsaye ya zuƙe altaneta har ta ƙone. Sai babban filogi nasa na daban, ba a ƙasa ba, a sama da bamba, inda ruwan shinge ba ya kaiwa.

"A sama ina?" in ji Kawu.

Ta ɗora yatsa a kan farin fentin motar. "Nan. Zan huda."

"Ki me?"

"In huda. Rami ɗaya babba, ƙanana biyu."

"Haba Mma! Kwananta ashirin! Ko matata ban bari ta ci fanke a ciki ba. Ki ɗaure shi a ƙasa da roba, zan naɗe shi da leda in mun zo shinge."

"Leda ruwa take tarawa. Kuma in tsohon nan ya fara haki, ba za ka tuna da leda ba."

"To, gyara mini fitila in tafi. Fitila na kawo."

A nan ne, in ji Phuthego, ta yi abin da ta saba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta je ta zauna daram a kan ƙarfen da ya haɗa tirela da mota, ta miƙe ƙafafu, ta gyara ɗankwali.

"Ja mu tafi. Na daɗe ban ga ruga ba."

"Mma, don Allah ki tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. Ni ma kallon nake."

Ta gaya mini cewa a tsorace take a lokacin. Ba ta da ikon riƙe motar kowa. In ya cire tirelar ya kai wa wani, za a gyara masa fitila a minti goman da ya ce, ya wuce. Ta kuma san fushin namijin da aka kunyata a gaban ubansa.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Kaka ya sauko a hankali, tiyon na biye da shi. Ya tsaya ya huta, ya yi taku uku, ya sake hutawa. Ya ƙwanƙwasa jikin motar da ƙashin yatsa a inda ta nuna, ya saurara. Ya matsa kaɗan ya sake ƙwanƙwasawa.

"'Yar nan, a nan kika ce?"

"A nan, Rra."

"Kin yi kuskure. Nan fanko ne, zai yage. Matsa yatsa biyu hagu, akwai ƙarfe biyu a haɗe."

Ta tashi ta ƙwanƙwasa da kanta. Ta dube shi. "Gaskiyarka, Rra."

"Baba, motar fa..." in ji Kawu.

"Otsile, ni aka huda wa huhu don ka yi makarantar da ta saya maka ita. Ba ka da bakin magana a kan rami." Ya miƙa hannu. "Ba ni abin hudar."

Hannunsa ba ƙarfi, don haka tare suka riƙe, nata a kan nasa. Kawu ya juya baya, ya toshe kunnuwa. Phuthego ya cire hula ya dafa ƙirji kamar ana saka gawa a kabari, yana cewa, "Ka yi haƙuri Rra, ba ta sha wahala ba, nan take ta tafi."

Ta yi aiki har rana ta yi sanyi, ta ci gaba washegari. Kawu ya so su wuce da sassafe, ta ce sai an yi hanyar Shorobe. A kilomita na ashirin ta shiga ƙarƙashi ta fito da fuska a murtuke. Haɗi ɗaya ya yi ɗumi, kuma ita ta ɗaure shi da hannunta jiya. Yatsun nan ne ba su matse da kyau ba. Ba ta ɓoye ba.

"Aikina ne. Mu koma."

Wayar Kawu na ta ƙara, yayarsa na tambaya ko sun kama hanya, yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Sai tsakar rana ta sake su. Kafin nan ta sa ya maimaita mata sau uku kamar ɗan aji ɗaya. In rana ta ƙi fitowa, kada ya jira baturan su mutu. Ya haɗa babban filogin, ya tayar da mota, ya buɗe bonet don altaneta ta sha iska, ya ɗan ɗora dutse a kan totur. Ya juya salansa inda iska za ta kwashe hayaƙi nesa da tsoho. Ya dubi sabon agogon da ta sa masa mai nuna ƙarfin cajin da ke shiga: in ya ga arba'in, ya kwantar da hankalinsa.

"In ban ga arba'in ba fa?"

"Za ka gani."

Da yammacin Juma'ar nan sama ta buɗe. Ruwan farko ne bayan dogon rani. Yara suka fito tsirara, mata na guɗa, Phuthego na rawa a cikin taɓo da tsohuwar taya a wuya. MmaSethunya ta tsaya a bakin rumfa tana kallon kudu, wajen ruga. Asabar aka wuni ana yi. Lahadi a coci aka yi waƙar godiya saboda ruwa, ita ma ta buɗe baki, amma a zuciyarta haɗe-haɗen waya take bi ɗaya bayan ɗaya, daga bonet zuwa bamba, tana tambayar kanta ko akwai wani da yatsunta suka sake yaudararta. Babu sabis a rugar. Daga coci ba ta tafi gida ba, rumfa ta zo da kayan cocinta, ta share inda ba ya buƙatar shara.

"Mma, yau Lahadi," in ji Phuthego.

"Na tambaye ka?"

Litinin, ranar da suka ce za su dawo, shiru. Ba ta sha shayinta ba.

Talata da azahar wata mota ta shigo filin. Ba don tirelar ba, da ba wanda zai gane ta. Taɓo ne tun daga taya har rufi, madubi ɗaya ya karye, ƙaya ta karce ƙofofin duka. Kawu Otsile ya fito, ido ya faɗa, gemu ya tsiro. MmaSethunya ba ta dube shi ba. Kujerar baya ta nufa. Kafin ta kai ta ji ƙugin injin.

Kawu ya zauna a kan wata taya ya ba da labari. Kwana uku ba su ga rana ba. Fadamun hanya suka cika, ba shiga ba fita. Dangi na ta murna da ruwa, ana ta dafa tuwon dawa da dakakken nama, shi kuwa yana tsugunne gaban akwatin tirela yana kallon lamba na sauka. Da safiyar Lahadi ya ga ba sauran jira.

"Mma, sau biyu ina kuskure bakin filogin. Ɗan ƙaramin na ƙasa kuwa ko ganinsa ba a yi, ya nutse a laka. Naki na sama, a bushe. Na tayar, na sa dutse, na rufe ido. Na ce wa yayata ta karanta mini."

"Ta ce nawa?"

"Ta ce, 'Arba'in, mene ne arba'in?' Na rungume ta, ta ce ko na haukace ne."

Haka suka yi ta yi, awa biyu da safe, awa uku da yamma, suna tattalin mai. Da ruwa ya tsagaita, aka kai kujerar Kaka bakin makwancin shanu, aka ƙara wa tiyon tsawo. Aka riƙa koro su ɗaya-ɗaya. Bai manta ko guda ba. Wannan 'yar wance ce, uwarta ta taɓa faɗawa rijiya, ta Otsile ce. Wannan mai karyayyen ƙaho ta babbar 'yata ce, halinsu ɗaya. Ana kira ana tsaga kunne da shaidar mai ita, dattawa na gyaɗa kai. Sai da ya gama da tasa ta ƙarshe ya yarda aka mai da shi inuwa.

MmaSethunya na jin haka ta juya tana neman wani abu a cikin akwatin kayan aikinta, ta daɗe tana nema. Kaka ya sauke gilashi.

"'Yar nan, zo nan. Akwai wata jar karsana, mai farin goshi. Taki ce."

"Tawa? Rra, ina zan kai saniya? A ɗakin haya nake."

"Tana inda take, tana cin ciyawa."

"A'a, Rra, aikina na yi. Ka ba jikokinka."

"Kin makara. An riga an tsaga kunne, da shaidar da ba ta kowa ba a gidana, a gaban mutum goma sha biyu. Ke da kika huda motar yaron nan, kin tambaye shi?"

"Kai ka huda, Rra."

"To, wannan ma ni na huda."

Phuthego ya ce tun da yake bai taɓa ganin an rufe mata baki ba sai ranar.

MmaSethunya, uwar wayoyi, ke ce aka kawo wa fitila kika tsaya kika saurari numfashin da ke kujerar baya. Ke ce kika zauna a kan ƙarfe cikin rana, kika yarda a ji haushinki. Ke ce kuma kika taɓa aikin hannunki, kika ji ɗumi, kika ce mu koma, alhali ba wanda zai sani in kin yi shiru. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Ba a taɓa sa sunanki a takardar masu kai baƙi daji ba, ko da yake rabin firjin da ke sanyi a dajin nan ke kika ja musu wuta. Mun gode, mu 'yan gidan Rre Dikgang, manya da yara. Allah ya sassauta miki ciwon yatsu, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu sana'a da za ku gaji kwastomominta, ba sai kun koyi faɗanta ba, wannan nata ne. Amma in an kawo muku abin minti goma, ku tambayi ina za a je, wa ke cikin motar, me zai faru in wuta ta ɗauke a can. Kakana na zaune a ƙofar gida yanzu haka yana faɗa da rediyo, 'ya'yansa kuwa kowa ya san saniyarsa, saboda mace ɗaya ta yi waɗannan tambayoyin.